Kwata a Tsakiyar Lungu

Babu gidan da ba ya fitar da ruwan datti. Gidan liman yana fitarwa, gidan attajiri yana fitarwa, haka ma gidan mai unguwa. Ana wanka, ana wanke-wanke, ana ɗauraye tsummokaran jarirai, dole ruwan ya sami inda za shi. Shi ya sa maginan da, tun kafin su aza tubalin farko, sai sun duba gangaren fili sun san inda rariya za ta kalla. Ruwan ya fita ta gindin katanga ya faɗa kwata, kwata ta raɓa jikin gini ta kai shi kududdufi, ko in a cikin birnin Kano ne ta miƙa shi Jakara. Ba wanda ya taɓa cewa ruwan nan mai tsabta ne. An dai yi masa hanya, kuma hanyar ba ta bi ta ƙofar zaure ba, ba ta ratsa inda dattawa ke shimfiɗa tabarma da la'asar ba.

Haka ashar take a bakin Bahaushe. Duk dattijon da ya ce maka a zamaninsu ba a yin ta, ka girmama furfurarsa ka yi shiru, amma kada ka yarda. Tashar mota ba yau ta fara jin ashar ba. 'Yan kamasho da yaran mota sun gaji abin ne daga iyayen gidansu. Akwai ta a bakin mahauta, akwai ta a fagen dambe. 'Yan gambara kuwa da ita suke cin abinci: a ranar kasuwa su kafa da'ira, a yi ta jifan juna da batsa tsirara, jama'a na ƙyaƙyata dariya suna jefa kwabbai. Mamman Shata, wanda har ya rasu a 1999 ba a yi kamarsa ba, in ya juya kan mutum da zambo ba ya bar masa abin rufe jiki, kuma wanda ya san "Gagarabadau" ya san abin da nake nufi. Mata ma suna da tasu. In an kifa ƙwarya a ruwa an fara amada a cikin gida, akwai baitocin da marigayiya Barmani Choge da takwarorinta ke sakawa waɗanda in namiji ya ji sai ya sunkuyar da kai. Katsinawa kuwa, da su ake tsokana a duk ƙasar Hausa cewa a wurinsu ashar ado ce ta magana, kuma ba su cika musantawa ba.

To amma kowace daga cikin waɗannan tana da rariyarta. Gambara a kasuwa take, wanda ya tsaya kallo shi ya kai kansa, kuma in ya hango surukinsa tafe sai ya sulale. Amada a cikin gida take, mata zalla, an kori yara maza waje. Zagin da kaka ke yi wa jikanta, da wanda taubasai ke yi wa juna, da abin da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare ko Bakano da Bazazzagi, duk wasa ne mai ƙa'ida, kowa ya san wa zai taɓa, ya kuma san inda zai tsaya. Al'ummar da ta haifi 'yan gambara ita ce dai wadda mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, wadda saurayi ke cire takalmi ya durƙusa in zai gaida uban matarsa. Ba su ci karo ba, don akwai katanga a tsakaninsu. Ƙa'idar ba ta taɓa zama "kada ka yi ashar" ba, wannan ta malamai ce, kuma suna nan suna faɗa. Ta gari ita ce ka duba wa ke wurin. Yaron mota zai lailayo ta har ta kawo maƙogwaro, ya waiga ya ga malami da buzunsa a kujerar gaba, ya haɗiye ta. In ta kuɓuce masa, direba ne da kansa zai ce, "Kai, da manya fa a motar nan."

Wannan waiwayen ne ya tafi. Kwanan baya a wani shataletale, cikin cunkoson yamma, wata mota ta matse ɗan adaidaita sahun da muke ciki. Yaron, da ƙyar in ya wuce ashirin, ya leƙo da kai ya maka wa mai motar wata uwar ashar da ta haɗa iyaye biyu da kakanni, ya bi ta da daƙuwa. Mai motar ya sauke gilashi ya mayar masa da wadda ta fi ta, sai kuma suka bushe da dariya su duka. Wani dattijo da ke kusa da ni, da carbi a hannu, ya ce, "Haba ɗana, da furfurata a bayanka?" Yaron ya waiwayo da fuskar mamaki ta gaskiya, ba ta raini ba. "Yi haƙuri Baba, wallahi ba zagi ba ne. Mutumina ne, gaisawa muka yi." Matar da ke ɗaya gefen, da 'yarta a cinya, ko ɗagowa ba ta yi daga wayarta ba. Sunan keken ma abin dariya ne a nan: A Daidaita Sahu shiri ne na gyaran ɗabi'u da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo, shirin ya wuce, sunan ya maƙale wa abin hawan da a yau ba inda ya fi shi jin ashar in ban da tasha.

Abin da ya tsaya mini ba ashar ɗin yaron ba ce, wadda ko kakansa ya san ta. Mamakinsa ne, da kuma rashin ɗagowar matar. Wanda ya taɓa zama a lungun da kwata ta fashe ya san yadda abin ke tafiya. Wani ya yi gini ya danne hanyar ruwa, ledoji suka toshe kwalbati, wata safiya sai ga baƙin ruwa yana bin tsakiyar hanya. Makon farko ana toshe hanci, ana cewa wannan wane irin abu ne, a je a gaya wa mai unguwa. Mako na biyu wani ya kawo ɓallin bulo guda huɗu ya jera, ana ɗage riga ana tsallakawa. Kafin wata uku mai ƙosai ta dawo da kaskonta wurin, yara suna tuƙa jirgin takarda a ciki, masu zuwa masallaci sun san dutsen da ke girgiɗi da wanda ba ya yi. Sai baƙo ya zo ya yamutsa fuska, a kalle shi a ce wannan ya cika iyayi.

Har bulon tsallakawa mun jera wa ashar. Wanda ke jin nauyin ainihin kalmar sai ya ce "kutumelesi", ko "buhun uba", ko "bantan uba", ko "jar uba", kowa ya san abin da aka taka aka wuce, ƙafa dai ba ta jiƙe ba. Da waɗannan 'yan barkwanci suka daɗe suna ratsa hukumar tace fina-finai. Yanzu ma an fara ganin bulon a matsayin ƙauyanci, masu tasowa tsundum suke shiga.

Yadda hanyar ruwan ta toshe ba ɓoyayye ba ne. Lokacin da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo, daga "Turmin Danya" a 1990, kaya ne da ake ɗauka a hannu. Sai an buga kaset, sai an kai wa dillalai a Ƙofar Wambai ko Bata, sai mai gida ya saya ko ya karɓo haya, sannan a kunna a tsakar gida kowa na zaune, har da uwar gida da kaka. Mai shirya fim ya san wa zai kalla, don haka yana waiwaye kamar yaron motar nan. Da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a, aikinta mai sauƙi ne, domin ƙofa ɗaya ce, ka tsaya a bakinta ka ga duk abin da ke fita. A shekarar nan kuma wayar salula ta shigo Najeriya. Ba a jima ba sai ga memori da Bluetooth, sai ga masu turi sun kafa tebura a kasuwar waya ta Farm Centre da bakin kowane titi, da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba a cika maka waya da duk abin da kake so. Fina-finan Indiya da aka mayar da Hausa suka shigo da maganar 'yan tasha a bakin jarumai, yara suka haddace. Littattafan da marubutansu ba za su iya kai wa maɗaba'a ba suka koma WhatsApp, ana biyan kuɗi a sa ka a zaure. Daga nan YouTube, daga nan TikTok, ƙofar ta zama dubu.

Amma babban sauyin ba a yawan ƙofofi yake ba. Waya ba ta nuna wa mai magana wanda ke sauraronsa. Yarinya ta shige ɗakinta ta turo ƙofa, ta jingina wayar da kwalbar turare, ta fara magana. A zuciyarta tana cikin ƙawayenta ne, wurin da tun fil'azal 'yan mata ke faɗin abin da suka ga dama. Ba ta ga malami da buzu ba, ba ta ga suruki ba, babu direban da zai ce da manya a motar. A ɗaya ɓangaren kuwa, maganar tana fitowa ne daga wayar wata uwa da ta miƙa wa ɗanta ɗan shekara huɗu don ya bar ta ta gama tuƙa tuwo. Tana fitowa a layin asibiti, a gidan gaisuwar mutuwa, a cikin motar haya, don mu ba mu saba da abin toshe kunne ba, lasifika muke saki. Hirar majalisar samari ce da ta ɗakin 'yan mata aka kwaso aka zuba a tsakar gidan kowa, kuma masu hirar har yanzu suna ganin a majalisarsu suke.

Sai kuma kuɗi. Wanda ya bi bakin Jakara ta wajen gari ya san lambunan da ke wurin. Da ruwan da birni ya zubar ake ba su sha, kuma latas ɗinsu da alayyahu shar suke, sun fi na ko'ina ɗaukar ido a kasuwa. Masu lambun ba miyagu ba ne, ruwan da ya zo ƙofarsu kyauta suka tara. Haka ɗan TikTok. Manhajar ba ta san zagi ba, ba ta san wa'azi ba, abin da take ƙirgawa shi ne wa ya tsaya, daƙiƙa nawa ya yi, ya tura wa wani ko bai tura ba. Ɗan Adam kuwa ko a titi ya ji ana faɗa sai ya rage sauri. Yaro zai yi wata guda yana sa bidiyon barkwanci mai tsabta ba wanda ya kula shi, ran da ya zagi wani da uwa ya wayi gari da mabiyan da bai taɓa mafarki ba. Ba ya buƙatar malami ya fassara masa darasin. Waɗanda ke shiga ƙarƙashin bidiyon suna rubuta "Allah ya shirye ki" da "ina iyayenki suke", su ma a lissafin manhajar 'yan kallo ne, kowace tofin Allah-tsine ƙarin taki ne. Shi ya sa ake shirya faɗan ƙarya: wance ta zagi wance, waccan ta hau kai tsaye ta rama, masu kallo na jefa kyautar da ake canzawa zuwa kuɗi, bayan mako biyu a gan su tare suna cin kaza an ce manya sun shiga tsakani.

A waƙa ma haka. Da Ado Gwanja ya saki "Warr" da "Chass" a 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce, malamai suka yi huɗuba, wasu suka nufi kotu. Ni dai da na saurara ban ji abin da ya fi ƙarfin amadar da iyayenmu mata suka taka ba. Daga can salon ya fito, habaici ne na kishiya da gugar zana na gidan biki. Bambancin shi ne amada a tsakar gida ake yin ta da ƙwarya, murya ba ta wuce katanga biyu. Wannan kuwa DJ ne ke sakinta da lasifikar da ke girgiza unguwa guda, maza da mata a fili ɗaya, 'yan firamare a gaba-gaba suna bin baiti. Mawaƙin ya ɗauki kayan cikin gida ya fito da su titi, mu kuma muka biya shi don ya yi hakan.

Kada a ɗauka ina neman a wanke bakin kowa da sabulu. Ashar tana da ranarta. Makanikin da guduma ta sauka a yatsansa ba zai tsaya neman kalma mai ladabi ba. Talakan da ya kwana a layin mai, ko aka ɗauke wuta yana tsakar niƙa, sau da yawa ita kaɗai ce makaminsa, kuma ta fi jifa. A fim kuwa, babu abin da ya kai ƙarya kamar a nuno ɗan daba da gariyo a hannu yana magana kamar malamin Islamiyya. Wanda ke son nuna rayuwar tasha ko ta 'yan ƙwaya, dole bakin mutanensa ya yi kama da nasu. Abin da ya kamata shi ne a ce ga fim ɗin manya, ga lokacinsa, ga wanda za a kalla da yara, yadda iyaye za su san abin da suka kunna. Mu kuwa zaɓi biyu kawai muka sani: ko a hana ɗungurungum, ko a saki kowa ya sha.

Wannan ya kawo mu ga duba-gari. Tsofaffi na ba da labarinsa, da gajeren wandonsa da littafinsa, ya leƙa randa ya ga ko da tsutsar sauro, ya duba murfin masai, ya bi rariya har waje. In an ji ya shigo unguwa mata sai share-share. Aikin da hukumar tace fina-finai da Hisba suka ɗaukar wa kansu ke nan, kuma ba za a ce ba su motsa ba. Bayan wani abin kunya da ya girgiza Kannywood a 2007, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, ya shigo da zafi. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango kan kundin waƙoƙinsa "Bahaushiya". A 2008 marigayi Rabilu Musa Ibro ya shiga gidan yari, haka ma Hamisu Lamido Iyan-Tama, wanda fim ɗinsa "Tsintsiya" kan zaman lafiya tsakanin ƙabilu yake, ba batsa ba. Da yawa daga 'yan fim suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. A 2024 rikicin yadda za a bi da 'yan TikTok ya kai har Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisba bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki salon kamen, kafin a sasanta ya dawo. A 2025 hukumar tacewa ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22, ciki har da "Labarina" da "Daɗin Kowa", kan rashin kawo su a duba kafin a saki.

Duk wannan yasar kwata ce irin ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda muka gada tun mulkin soja na Buhari da Idiagbon. A hana zirga-zirga da safe, matasa su fito da shebur, a kwaso baƙin taɓo a tara a bakin kwatar, a ɗauki hoto. Motar kwashewa ba ta zuwa. Rana ta busar da shi, awaki su tone, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. Wanda aka kama ya fito daga kotu da mabiyan da suka ninka na da, don kamen ma talla ne. Wanda aka matsa wa a Kano ya hau mota ya yi Kaduna ko Abuja, wayarsa na aljihunsa, kuma bidiyonsa zai iso Fagge kafin shi ya isa Zariya. "Labarina" da "Daɗin Kowa" kuwa, waɗanda iyali ke zama su kalla tare, su ne masu ofis da adireshi, shi ya sa takarda ke samunsu.

Akwai kuma gidajen da duba-gari ba ya shiga, alhali daga nan bututu mafi kauri yake fitowa. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe a Kano, irin su Freedom a 2003, aka sami sana'ar da ake kira sojojin baka: mutum ya sayi minti biyu ko uku da kuɗin ubangidansa, ya hau ya ci mutuncin dattijon da ya haife shi. Ba ya furta ashar ɗin tasha, don akwai dokar hukumar kula da kafafen yaɗa labarai, amma yana kiran mutum da sunan dabba, ya taɓa asalinsa, ya taɓa halittarsa, ya yi habaici da iyalinsa, da dare, lokacin da kowane gida an kunna rediyo ana cin tuwo. Mawaƙan siyasa su ɗora da nasu zambon, a ba su motoci. Yaron da ya tashi yana ganin ana ba mai zagin manya mota, da wane baki za a ce masa zagi ba sana'a ba ce? A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin da tara da sharar harabar kotu, kan bidiyon da suka yi wa gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, shaguɓe. Da dubban uwayen talakawa da ake zagi kullum a manhajar nan, ranar da aka taɓa gwamna ne bulala ta fito da sauri. Matasa sun gane darasin sarai: ba zagin ne laifi ba, wanda ka zaga ne.

In aka bi ruwan nan aka yi ta komawa baya, ƙarshenta cikin gida za a shiga. Uwa ta gaji, rana ta dake ta, yaro ya kifar da miyar dare, ta ɗaga ludayi ta ce "don ubanka", ta ce "shege tsinanne", alhali uban nan mijinta ne, kuma ta fi kowa sanin yaron ɗan halak ne. Wannan tsoho ne, ba waya ce ta kawo shi ba. Sabon shi ne abin da ke biyo baya. Na ga an zagaye wani yaro da bai gama iya kiran sunansa ba, yayyensa na cewa "faɗi, faɗi mana", shi kuma da tsamin bakinsa ya fito da ashar cikakkiya, aka kwashe da dariya har da tafi, wata ta ce a sake ba ta ɗauka ba. Ya sake, ya ƙara da ɗaga 'yan yatsunsa biyar. Kakarsa na gefe tana cewa "ku bari mana", ita ma tana danne dariya da bakin mayafi. Kafin magariba bidiyon ya zaga dangi. Abin da yaron ya koya a ranar shi ne akwai wata kalma da in ya faɗa duk gidan sai an juyo an kalle shi.

Wanda ke biyan kuɗin wannan duka ba ya wurin. Sau da yawa ashar ta Hausa a kan uwa take sauka, wata mata da ke can tana tankaɗen gari, ba ta san an yi ba, an tuɓe ta a bakin danja don wani ya matse wani. Malamai sun daɗe suna tunatar da hadisin da ya sanya zagin iyaye cikin manyan zunubai, ya kuma bayyana cewa mai zagin iyayen wani nasa ya jawo wa, tunda za a rama. Kowa ya haddace shi tun a Islamiyya, har da ɗan adaidaitan nan. Sannan mata masu rai da ke fitowa su yi magana a fili, 'yar jarida, ko likita, ko mai neman kujera, ba a ce musu hujjarku ba ta yi ba, kai tsaye ake zarcewa ƙasan cibiya. Da yawa sun gwada sau ɗaya sun rufe shafinsu, kuma ba a ƙirga su, don wanda ya yi shiru ba ya cikin lissafi.

Ga kuma wata asarar da masu ashar ɗin kansu ba su lura da ita ba. A da kalmar "uwaka" kaɗai tana iya sa a tuɓe riga, ta kai mutane gaban alƙali, don tana da nauyi. Yanzu da ta zama gaisuwa, wanda ransa ya ɓaci da gaske me zai ce? Dole ya zarce. Sai ƙazafi, sai tona asirin aure, sai a nemo hoton matar mutum ko na 'yarsa a liƙa, sai a saki muryar da aka naɗa a ɓoye. Hancin da ya saba da warin kwata sai mushe ke tayar masa da hankali, kuma masu neman a tsaya a kalle su sun san haka, shi ya sa abin da ya tayar da ƙura bara, bana ko kallo bai ishi kowa ba.

Masu ɗaukar nauyin lambun TikTok ɗin kuwa ba 'yan iska ba ne, mutanen kirki ne da ake gaisawa da su a sahun gaba. Hajiya mai sayar da atamfa da leshi, da mai turaren wuta, da mai kayan mata, da alhajin da ke dillancin filaye, in za su ba da talla ba sa tambayar me yarinyar nan ke faɗa, mabiyanta nawa suke tambaya. A gidajensu an hana 'ya'yansu kallonta, amma kuɗin datarta da hayar ɗakin da take zagin daga aljihunsu ya fito. 'Yan siyasa ma sun gano wurin. In zaɓe ya ƙarato, minti uku a rediyo ba ya kai inda bidiyon daƙiƙa talatin ke kaiwa, babu kuma hukumar da za ta ci tara kamar yadda ake ci wa gidan rediyo. Yaron da bakinsa ya fi kaifi a unguwa, wanda jiya ake cewa a kai shi gidan mari, shi za a fara nema da sabuwar waya da kuɗin data.